Ko Gwiwa Ce, Ko Kunya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗan Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta ishe ka lafiya, kai da kakarka Inna da duk mutanen gidanmu na Shagari. Allah ya tsare ka a hanyar da ke gabanka, ya raba ka da mugun direba da mugun aboki, ya sa ka sauka lafiya, amin.

Bayan haka, ba labarin gari zan ba ka ba. Tambaya ka yi mani ranar da ka zo Boɗinga, ni kuwa na amsa maka da zancen albasa. Ka durƙusa a zaure, kanka a ƙasa, ka ce, "Baba, ran wasan nan, da gangan kab ba ni hanya?" Sai na ji bakina yana tambayar ko Inna ta sayar da albasarta ko tana jira ta yi daraja. Ka ce tana jira. Na ce madalla. Ka tashi ka hau babur ka tafi. Yanzu ga Inna ta aiko mani cewa kullum sai ka ɗaure jaka ka kwance, wai ba za ka je Kano ba in dai alfarmar uba ce ta sa kocin can ya ga ka iya ƙwallon kwando. Ta ce mutumin ya gaji da jira, in ba ka je a makon nan ba zai ba wani gurbin. Shi ya sa na zauna rubutu, tunda baki ya ƙi.

Sai dai in faɗa maka tun yanzu, ni kaina a ruɗe nake. Na yi ta juya abin nan har mahaifiyarka ta fara tambaya ko zazzaɓi ne. Bari in jero maka kurakuraina yadda suka zo, wataƙila kai ka ga abin da na kasa gani.

Ka san sunan da ake kira na a fili, Ganuwa. Ban taɓa zama gwanin jefawa a kwando ba, tarewa ce sana'ata. Tun ina saurayi, duk ƙungiyar da za ta kara da Boɗinga, ni ake ba gwaninsu, in manne masa har ya tsani ranar da ya fara wasa. Na ji daɗin sunan nan, wallahi na ji, har na manta cewa ƙafa ce ta samo mani shi. Da na haura arba'in sai abubuwa suka fara canjawa. Gudu gaba yana nan, amma matsawa gefe, wadda ita ce duk aikin mai tarewa, sai ta riƙa zuwa a makare. In ce wa ƙafa tafi, ta ce to, ta tsaya tunani tukuna. Me na yi? Na ce takalmi ne, na sayi sabon kambas. Na ce simintin filin makarantarmu ne ya yi santsi, na sa aka wanke. Na ce alƙalan wasan yanzu ba su san aiki ba. Na koma kama riga, da miƙa hannu, da daka wa abokan wasana tsawa wai ba su rufe mani baya ba. Mahaifiyarka ce kaɗai ta taɓa faɗa, ita ma a kaikaice, ta ce daga ɗakin girki tana gane na ɗago daga sujada, don gwiwoyina ne ke yin kabbara kafin ni. Na yi fushi na ƙi cin tuwo.

To, ga shawara ta fari. Ranar da ka ji kanka kana zagin takalmi, ka duba ƙafar da ke cikinsa. Ko da yake, tsakani da Allah, kambas ɗin farko ya lalace ɗin, kuma simintin yana da santsi har gobe. Ka ga irin abin da ke ruɗa ni. Duk uzurin da na kawo gaskiya ne, amma ba su ne maganar ba.

Kuskure na biyu da Buba ne, kocinmu. Buba ɗalibina ne, ni na koya masa riƙon ƙwallo yana aji ɗaya, yau shi ke riƙe da usur. Kafin a fara gasar ƙananan hukumomi ta bana ya zo gida, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya gaida ni, ya gaida iyali, ya gaida gajiya. Sannan ya ɗauko yabo. Ya ce ba a taɓa yin irina ba daga nan har Dandin Mahe, ya ce yaran nan suna bukatar dattijo mai ido wanda zai zauna kusa da shi a benci yana hango masu abin da ba su gani. Ni kuwa sai kaina ya yi girma. Na ce ai ba komai, daga cikin fili ma ina hangowa, har na fi hangowa. Ya ce haka ne Malam, Allah shi ƙara girma, ya tashi. Sai bayan komai ya lalace na gane ashe bawan Allah sallamata ya zo yi, ladabi ya hana shi.

Don haka in na ƙasa da kai ya zo ya daɗe yana yabonka, kar ka saurari yabon, ka jira abin da ya kasa faɗa. In kuma bai faɗa ba, ka tambaye shi. Amma fa ban san ko Kanawa haka suke ba. An ce su a fuska suke faɗa wa mutum, ko ubansu ne. In haka ne, ka gode wa Allah, ka manta da wannan shawarar.

Na uku shi ne babba, kuma shi ne ban san ko kuskure ba ne ko tarbiyya. Kai ne ɗana na fari. Ka san al'adarmu, amma bari in faɗa don ni ma in ji da kunnena. Ban taɓa kiran sunanka ba. Ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. Da aka yaye ka Inna ta zo ta goya ka ta tafi da kai Shagari, na tsaya ina gyaran keke kamar ban ga fitarku ba. Haka ubana ya yi wa yayana, haka aka yi wa kowa, ba wanda ya ce ƙiyayya ce. Da ka girma aka fara cewa akwai wani yaro a Shagari da ba a iya tare shi, ni kan tashi daga wurin in an ɗauko zancen. Ba don ba na so in ji ba. Ina so kamar me. Amma a gan ni ina washe baki ana yabon ɗan fari? Ko sau ɗaya ban je na kalli wasanka ba. Akwai ranar da na hau babur har na wuce rabin hanya, na ce zan tsaya daga nesa bayan itatuwan dogon yaro, sai na haɗu da wani abokina ya tambaye ni ina zuwa. Na ce Kajiji, ganin wani sa. Dole na wuce Kajiji na kalli san da ba ni da niyyar saye.

Sai ga shi an kai zagayen sili ɗaya ƙwale, wanda aka ci ya tafi gida, ƙuri'a ta haɗa Boɗinga da Shagari a filinmu. Ana gobe wasa Buba ya tara mu yana rabon aiki. Ya bi 'yan wasanku ɗaya bayan ɗaya, wannan dogo ne amma malalaci, wancan yana tsoron karo. Da ya zo kanka sai ya yi tari, ya kalli ƙasa, ya ce saura mai lamba bakwai, Ummaru zai riƙe shi. Ummaru ɗan Dingyaɗi, ka san shi, mai saurin nan. Shekara da shekaru ni ke riƙe gwanin kowace ƙungiya. In na bari yau, za a ce Ganuwa ya gudu. In kuma aka ce ba gudu ba ne, to za a ce na nuna na san ka, na ware ka daga sauran mutane, wannan ma abin kunya ne. Ko ta ina na juya kunya ce ke tsaye. Na ce mai lamba bakwai nawa ne, kamar kowa. Ba wanda ya yi musu.

Kuma ba wanda ya faɗa mani cewa kai bahago ne. Ka ji fa. Duk Boɗinga ta sani, duk Shagari ta sani, masu tallan rake a bakin fili sun sani. Amma wa zai dubi idona ya yi mani bayanin ɗana na fari? Ni kuwa a ina zan sani? Da salla nake ganin ka, a gaban akushi, kuma Inna ta riga ta horar da kai cin abinci da dama tun kana ƙarami. Ko da na je mata da maganar daga baya, cewa ta yi, "Yo mi ya haɗa ni da ƙwallonku? Ni dai na hana shi cin tuwo da hagu, sauran ku kas sani."

Shawara a nan mai sauƙi ce. Kar ka taɓa shiga fili da mutumin da ba ka kalli wasansa ba, ko wane ne shi. Ka san hannun da yake so, ka san ƙafar da yake fara ɗagawa. Shawarar da ban iya ba ka ba ita ce ta ranar da Allah zai ba ka naka ɗan farin. In ce ka yi yadda na yi? Ga inda ya kai mu. In ce ka watsar? To ni wa ne da zan ce iyayenmu duk ba su san abin da suke yi ba, alhali da kunyar nan aka rene mu, muka kuma zama mutane? Ban sani ba. Ka dai je ka kalli wasansa, ko daga bayan itace ne.

Yanzu ranar wasan. Bayan la'asar ne, fili ya cika har kan katangar makaranta. Ana shirin jefa ƙwallo sama ka tako tsakiyar fili ka durƙusa ka gaida ni, jama'a suka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in shige cikin siminti. Na amsa ina kallon alƙali. Zuwanka na farko na rufe dama yadda nake yi wa kowa, ka bi hagu ka jefa. Na ce sa'a ce. Ka sake, na ce yaron nan yana da dabara, yana ɓoye hannunsa na gaske. Sai da aka kusa hutun rabin lokaci na gane babu wani hannun gaske da ake ɓoyewa, wannan ɗin shi ne. Na koma na rufe hagu. Ka bi hagun duk da haka, ta wata 'yar kafa da ko akuya ba za ta bi ba.

Daga nan ne lissafina ya dagule. Mai tarewa cibiyar abokin karawa yake kallo, don ido yana ƙarya, kafaɗa tana ƙarya, ƙwallo ma yana ƙarya, amma inda cibiya ta nufa nan mutum zai bi. Ni na koya wa duk yaran garin nan haka. Ranar nan na kalli ƙwallo, na kalli alƙali, na kalli masu rake, ban iya tsayar da ido a kanka ba. Mai tarewa kuma yana manna ƙirji, ya sa damtse, ya ji numfashin mutum. Ni na bar taki guda tsakanina da kai. To wannan takin na mene ne? Shi ne takin da uba ke bari tsakaninsa da ɗan fari. Shi ne kuma takin da tsohon ɗan wasa ke bari don kar a wuce shi a guje, na san haka don na ga tsofaffi suna yi ina yi masu dariya. Tsawonsu ɗaya. Na auna a raina har na gaji, ban ga bambanci ba.

Kai kuma kanka a sunkuye yake duk wasan, ba ka kalli fuskata ba. Na ɗauka ladabi ne, kuma na san ladabin ne. Amma wanda ya sunkuyar da kai ƙafafu yake gani, ƙafafuna kuwa ba su da sirri. Ko kai ma ka san wanne ne a ciki? Ka tambayi kanka.

Da wasa ya zo ƙarshe, maki ɗaya muke gaba, ƙwallo a hannunka. Na ce wa kaina yau ko ɗan wa ye, ba ya wucewa. Na matso har na ji hucinka, na ɗaga ido na dube ka sosai, irin duban da ban taɓa yi maka ba tun kana cikin zanen goyo. Sai na ga tabo a saman girarka ta hagu, tsohon tabo, har ya yi fari. Ban san da shi ba. Ban san yaushe ka ji ciwon ba, ko faɗuwa ce, ko jifa, ko wa ya kai ka asibiti. Ina cikin wannan ka motsa. Na ce wa ƙafa tafi, ta makara, ka wuce ka jefa, aka busa usur. An fitar da Boɗinga a gidanta. Ƙafar nan, tabon ne ya riƙe ta ko gwiwa? Na rantse maka da Allah ban sani ba.

Washegari gari ya ɗauka. Wai Malam ya sayar da Boɗinga don kocin Kano ya ga ɗansa. Ni da ban ma san da wani baƙo a cikin 'yan kallo ba. Abin ya yi mani ciwo ƙwarai, na kwana biyu ban fita masallacin unguwa ba, sai na bayan kasuwa. Da na ji Ummaru ne ke kan gaba wajen yaɗa maganar a teburin mai shayi, na aika ya same ni a fili da safe kafin a shiga aji. Na jefa masa ƙwallo na ce ya zo ya wuce ni, in ya wuce to gwiwa ce, in ya kasa to ya ci gaba da zagina, na yarda. Ka ga wautar? Na shirya gwajin da ko na ci ko na faɗi, ni ne a ƙasa.

Ya zo, na tare. Ya sake zuwa, na ƙwace. Raina ya yi fari, na ce ashe Ganuwa na nan. Sai kuma na tuna, in Ganuwa na nan, to gaskiyar masu shayi ce, kai ne ba ka iya ba. Ina cikin wannan tunani na lura da wani abu. Ummaru ƙirjina yake nufowa kai tsaye, kuma in ya iso sai ya rage gudu. Na riƙe ƙwallon na ce don girman Allah ya yi mani kamar bai san ni ba. Ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariya.

"Malam, ai ban iyawa. Kai kak koya man wasan ga. Mu duka haka muke yi ma wurin atisaye, tun bara waccan."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Wato shekarun nan da nake tare yaran Boɗinga ina buga ƙirji, bar mani suke yi, yadda ake bar wa dattijo tsoka a cikin miya. Kuma mutumin da ke zagina a kan na raga wa ɗana, shi ne kullum yake raga mani. Na rasa ko in mare shi ko in gode masa. Na matsa masa sai ya yi da gaske ko sau ɗaya. Ya yi. Ban ga wucewarsa ba, iskarsa kawai na ji. Da ya isa ƙarƙashin kwando bai jefa ba, ya tsaya ya riƙe ƙwallon ya ce in yi haƙuri.

Shawarata ta ƙarshe daga nan ta fito, ita ce kuma kaɗai nake da tabbas a kanta. Ka nemi mutumin da ba ya jin kunyarka, ka riƙe shi da kyau. A garuruwanmu biyun nan babu shi. Kowa yana raga wa kowa saboda Allah da zumunci, abu ne mai kyau, amma ba ya bari mutum ya san nauyin kansa. Ni sai da na tsufa a fili ba wanda ya faɗa mani kai tsaye. Kai ma in ka zauna, rabin gari za su ce gwani ne, rabi su ce ɗan alfarma ne, ka tsufa ba ka san wanne ba. A Kano ba wanda ya san Inna, ba wanda na koyar. Wanda zai tare ka a can abincinsa yake karewa, zai sa maka damtse a haƙarƙari bai ce ka yi haƙuri ba. Mako guda ya isa ka sami amsar da na kasa ba ka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci ko ba ya yi maka daɗi, ka kuma koyi tarewa, don an ce mani kai ma jefawa kawai ka iya, baya kuwa a buɗe kake barin shi.

Ga amsar tambayarka iyakar abin da na sani. Da niyya ban ba ka hanya ba, Allah shi ne shaida. Ko jikina ya ba ka ba tare da ya shawarce ni ba, wannan ne ban iya rantsuwa a kai. Jiya na wanke rigata ta wasa na kai wa Buba, na ce ya ajiye mani wuri a bencin nan nasa. Ya fara yabo, na ce ya isa.

Shekarun nan duk, abin da nake roƙon Allah shi ne kar a wayi gari a ce Ganuwa ya ƙare. Tun ranar da ka durƙusa a zauren nan addu'ar ta juye. Yanzu a kowace sujada roƙo nake ya zamana gwiwa ce, ya zamana na ƙare ɗin tun tuni, ya zamana na yi iyakar ƙoƙarina ka wuce ni don ka fi ni. Ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son wannan ya zama gaskiya ba. Ka ɗaure jakar nan ka tafi.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare maka ƙafafunka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya yi maka albarka. Ka gaida Inna.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Boɗinga.